Alkawarin Wankan Nana Khadija

Ƙashin bayan Inna Barira ya karye ranar wata Talata da hantsi, a banɗakin gidan maƙwabta. Babu motar da ta buge ta, ba kuma daga bene ta faɗo ba. Sunkuyawa kawai ta yi za ta ɗaga aminiyarta Nana Khadija daga kan 'yar kujerar wanka, sai ta ji wani abu ya ce ƙas a tsakiyar bayanta, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba. Tsofaffin nan biyu suka zube a jiƙaƙƙen daɓe, kumfar sabulu har kunne. To ka san abin da Barira ta fara yi kafin ta nemi ɗauki? Sai da ta ja ciki, tana cizon leɓe, ta jawo shimi da zane ta rufe wa Nana bayanta ruf, tukuna ta buɗe baki ta kira mutanen gida.

Barira ita ce mai wankan gawar mata a layinsu na Tunga da layuka huɗu na kewaye, shekara talatin da ɗoriya. Mace ce mai baki, Allah ya sani. Mai keke ya yi mata tuƙin ganganci sai ya ji tarihin kakansa, 'yan matan layi kuwa tun daga nesa suke gyara ɗankwali in sun hango ta. Amma abin da idonta ya gani a ƙarƙashin zanen gawa, ko da wasa ba ta taɓa furta shi ba. Matan unguwa sun san haka, shi ya sa suke haƙuri da sauran halinta.

A cikin duk abin da ta rufe babu mai nauyin na Nana Khadija, ga shi kuwa mai abin tana raye.

Mijin Nana, marigayi Malam Maiwada, tela ne, jikan mutanen nan da aikin layin dogo ya kawo Minna. Mutumin sahun farko ne a masallaci, mai taushin murya in yana waje. Wata ranar jajibirin Sallah aiki ya yi masa yawa, Nana tana taya shi guga, sai garwashi ya faɗo ya ƙona gaban babbar rigar wani mutum. Maiwada ya taso daga kan keken ɗinki. Dutsen gugar ya karɓa daga hannunta, ya juya ta, ya ɗora mata shi a baya sau biyu, ɗaya a kafaɗa ɗaya a tsakiya. Barira ce ta yi jinyarta kwana arba'in da zuma da man kaɗanya, tana gaya wa masu zuwa dubiya wai zazzaɓi ne mai naci. Ciwo ya warke, tabo ya zauna, siffar dutsen guga sak har da tsininsa, yadda duk wanda ya gani ba sai an yi masa bayani ba.

Tun daga ranar Nana ba ta sake ɗaurin ƙirji a tsakar gida ba. Zafin Minna na watan Maris, lokacin da kowa ke neman abin da zai tuɓe, ita tana cikin shimi da riga. 'Ya'yanta biyu, Rukayat da Mujahid, suka tashi suna cewa Mamansu akwai kunya. Da uban ya rasu, Mujahid ya haƙa rijiyar burtsatse sadaka a bakin layi, aka rubuta sunan Malam Maiwada da shuɗin fenti a jikin tankin. Duk layin a nan suke ɗiba, ban da Barira. Ta ce ruwan yana da gishiri-gishiri, ita rijiyar gidanta ta ishe ta. Ƙarya take yi, ruwan garau yake.

Ranar da aka buɗe famfon ne ma Nana ta ja ta ɗaki.

"Yaran nan uba ɗaya gare su," in ji Nana. "Ba zan ƙwace musu shi ba bayan ya mutu. Ranar da tawa ta zo, ke za ki yi min wanka, Barira. Ke za ki juya ni da hannunki. Kada Rukayat ta ga bayana."

"Wa ya ce miki za ki riga ni?"

"Ke dai ki ce kin ɗauka."

Barira ta ce ta ɗauka.

Bara ciwon ƙoda ya kama Nana. Aka yi ta asibiti har likitoci suka ce a kai ta gida a ci gaba da lallaɓawa, wanda kowa ya san abin da hakan yake nufi. Rukayat ta baro gidan mijinta a Bosso ta tare a ɗakin uwar. Abinci, magani, wankin kaya, yankan farce, duk Nana ta sakar mata. Wanka ne kawai ta ce sai Barira. Don haka kullum da hantsi Barira ke tsallako layi da sabulun salo da soso a ƙullin zane, ta rufe ƙofar banɗaki, har zuwa wannan Talatar.

Ciwon bayan nan na Barira ba shi da mutunci ko kaɗan. In ta kwanta shiru sai ya yi kamar ya tafi. Ta motsa za ta juya, ko tari ya zo, ko atishawa, sai ta ji kamar an soka mata wuƙa an murɗa. Salla a kwance take yi da ishara. Bayan gida sai surukarta ta kawo mata fo, tana kau da kai, Barira tana zagin bango don kada ta yi kuka. Matar da ta juya gawa ta fi ɗari uku da hannunta, yau ta kasa juya kanta a kan katifa. Aka kirawo wani mai ɗori daga Maikunkele, ya duba ya shafa, ya ce shi ba ya ɗora abin da ba zai iya kamawa da hannu ba. Barira ta ce a cikin masu ɗori shi ne na farko da ta ji ya faɗi gaskiya.

Ɗanta Abdulsalami, wanda ke aikin ofis, shi ya ɗauke ta zuwa asibiti. Aka yi hoton ƙashi, aka sake yin wani a cikin na'ura mai rami. Likitan, Dakta Gimba, ya ɗaga hoton a hasken taga yana nuna mata da biro.

"Inna, ƙashin baya jere yake, ɗaya kan ɗaya. Kin ga wannan na tsakiya? Ya lotse, kamar gwangwanin madara da aka taka. Shekaru ne suka zaizaye shi ta ciki, abu kaɗan ya ishe shi."

"To a miƙe shi mana."

"Hanya biyu ce. Ki sha magani, ki ɗaura ɗamara, ki huta. Da yawa yana haɗewa da kansa, kamar wata uku. In ya ƙi lafawa, akwai aikin da ake yi a Abuja. Ba yanka ba ne. Allura ce mai kaurin tsinken tsire, a shigar da ita cikin ƙashin da ya lotse, a hura 'yar balan-balan ta ɗaga shi, sannan a cika gurbin da wani siminti na ƙashi. In ya daskare ƙashin ya daina motsi, ciwon ya ragu. Wasu a ranar suke tashi."

Wata uku. Barira ta ga mutuwa da yawa, ta san kamanninta tun tana nesa. Ta ga kumburin ƙafafun Nana, ta ga yadda hancinta ya fara tsini. Nana ba ta da wata uku.

"A yi allurar," ta ce.

Dakta Gimba ya ce a fara gwada maganin tukuna, haka ƙa'ida take. Aka gwada sati huɗu, ciwo yana nan inda yake, ko gezau. A cikin sati huɗun nan kullum sai Rukayat ta shigo ta zauna a bakin katifar Barira, ido ya faɗa.

"Inna, Mama ta ƙi wanka. Sai ta ce in ajiye mata ruwa da tsumma in fita in ja ƙofa. Hannunta ba ya kai ko'ina. Jikinta ya fara tashi, turaren wuta nake ta sawa saboda masu dubiya. Ki yi mata magana, ni 'yarta ce fa."

"Ƙyale ta, haka take tun tana yarinya," Barira ke cewa, tana kallon silin. In Rukayat ta fita sai ta ciji gefen filo. Abin yana cin ta fiye da ciwon bayan.

Da aka tsayar da ranar Laraba don aikin, Barira ta ce sai ta ga Nana kafin ta tafi. Litinin da yamma Abdulsalami da Mujahid suka ɗauke ta a kujerar roba suka tsallaka layi da ita, tana faɗa musu su yi a hankali, ba buhun masara suka ɗauko ba. Suka ajiye ta a bakin gado suka fita.

Nana ta ƙare, sai idanu. Amma da ta ga Barira sai da ta yi murmushi.

"Dubi mai wankan. Ita ma sai an wanke ta."

"Yi shiru, ƙazama. Gobe zan tafi, jibi a yi aikin, in dawo in kankare miki wannan dauɗar da kika tara."

Can Nana ta miƙo hannu ta kama gefen zanen Barira.

"Ki fasa tafiyar nan, Barira. A shimfiɗa miki katifa a nan gefena, ke a kwance ni a kwance, mu yi ta hira. Ba na jin abin da nisa."

"In na zauna wa zai juya ki? Da wane bayan?"

"Allah zai rufa asiri."

"Allah zai rufa, amma ni ya ba aikin. Ke kika sa na ɗauka."

"Na sani. Ni dai ina son ki kusa."

Barira ta ji maganar har cikin ƙirjinta, amma taurin kai ya riga ya yi mata yawa, ga kuma alkawari. Ta kama yatsun Nana ta cire su daga zanenta ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara arba'in kika yi haƙuri, kwana biyu ba zai gagare ki ba. Ki jira ni."

"To," in ji Nana. "Sai kin dawo."

Hanyar Suleja ba sai an ba ka labari ba. A kujerar baya aka kwantar da Barira, filo ta ko'ina, amma duk ramin da tayar mota ta faɗa sai ta ji shi a ƙashin nan guda. Daga Paiko zuwa Lambata ta yi salati, daga Lambata zuwa Suleja ta koma zagin direba, wanda ɗanta ne na cikinta.

Laraba da ƙarfe tara aka shiga da ita ɗakin aikin. Nas ɗin da ta karɓe ta sunanta Lilian, 'yar Wushishi ce, ta ce uwarta tana sayar da doya a Kasuwar Kure. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

"Mama, ka kwanta a kan ciki, kada ka ji tsoro."

"Ki, ake cewa. Kuma wa ya ce miki tsoro nake ji? Wannan rigar taku ce ba ta yi min ba, baya a buɗe kamar ta mahaukaci."

Lilian ta yi dariya, ta kawo koren ƙyalle ta lulluɓe ta daga wuya har ƙafa. A tsakiyar ƙyallen akwai 'yar taga da ba ta wuce tafin hannu ba, nan kaɗai aka bari. Ta bi gefe-gefe ta soke shi yadda ba zai zame ba. Barira tana jin hannun yarinyar, hannu ne da ya san darajar jikin mutum.

"Wa ya koya miki rufe mutum haka?"

"Makaranta, Mama."

"Sun koya miki daidai."

Ba a sa ta barci ba, wurin kawai aka kashe da allura. Likitan, Dakta Caleb, yana yi yana gaya mata abin da yake yi, idonsa a kan allon da ke nuna masa cikin ƙashin. Ta ji ana dannawa, ta ji ƙwas ƙwas na 'yar guduma, ta ji wani nauyi yana buɗewa a ciki lokacin da aka hura balan-balan ɗin. Sai wani wari ya tashi irin na gam ɗin masu gyaran takalmi, Lilian ta ce simintin ke nan ake kwaɓawa. Ko awa ɗaya ba a yi ba aka ce an gama. Filasta biyu ƙanana, shi ke nan abin da aka bar mata.

"Yanzu awa biyu a kwance rigingine, Mama," in ji Dakta Caleb. "Ba juyi, ba tashi."

Awa biyun nan Barira ta yi su ne tana tsara wankan Nana. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Sabon soso mai laushi, don fatar ta yi sanyi. Za ta wanke mata kai ta yi mata kalaba biyu, ta shafe ta da man kaɗanya, ta ƙona wannan shimin da ta kwana wata a jiki. Abdulsalami yana ta shiga da fita da waya a kunne, in ta tambaya ya ce ofis ne. Da a ce wata rana ce da tuni ta gane, amma ranar hankalinta yana banɗakin gidan Nana.

Da lokaci ya cika Lilian ta sa hannu a kafaɗarta ta ce ta tashi zaune. Barira ta riƙe numfashi tana jiran wuƙar nan. Shiru. Ta sauko da ƙafafu, shiru. Ta miƙe tsaye, sai ɗan tsami a wurin allurar kawai. Ta taka zuwa ƙofa ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, sai ga tsohuwa tana dariya ita kaɗai. Ta tsaya a bakin gado ta ɗan sunkuya, hannu ɗaya kamar a ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya kamar a ƙugu, ta gwada juya mutumin da ba ya nan.

"A'a, Mama," in ji likita. "Ba ɗaukar abu mai nauyi sai bayan sati shida. Sauran ƙasusuwan ma ba ƙwari gare su ba."

"To," ta ce, irin to ɗin da ba ta da niyyar bi.

Ta juyo za ta nuna wa Abdulsalami, sai ta ga fuskarsa. Ta san fuskar nan. Ita ce fuskar da mutane ke zuwa da ita ƙofar gidanta, su yi sallama su tsaya suna murza hannu.

"Ƙarfe nawa?" ta ce.

"Tara da rabi, Iya. Kina ciki."

"Ka sani tun ina kwance."

"Iya, da na gaya miki da kin tashi."

Gaskiya ya faɗa, da ta tashi. Ya ce ya roƙi Mujahid, ya roƙi liman a jinkirta jana'izar Nana, sun ce zafi ya yi yawa, za su jira har La'asar amma ba za a wuce ba. Barira ta dubi agogon bango, ɗaya ta wuce. Ta ce ya kira Rukayat ya ce kada kowa ya taɓa gawar. Ya kira sau biyar ba a ɗauka ba. Likita yana cewa gara ta kwana a ga yadda jikin zai yi, ita tuni ta zura hijabi a kan rigar asibiti. Lilian ce ta bi ta da zanenta da takalmi har bakin mota.

A zaune ta dawo, a kujerar gaba, baya a miƙe. Ramukan jiya suna nan, ta shige su ba ta ji komai ba. Wata babbar mota ta faɗi ta tare rabin hanya bayan Lambata, suka yi minti arba'in suna jan ƙafa. Ba ta yi zagi ba, ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta ce wa ɗanta ci kanka ba. Ƙarya take shiryawa a ranta, wadda za ta gaya wa Rukayat da duk matar da ta gani: Nana tana yarinya ta faɗa kan murhu. Kafin su kai Paiko ta ji kiran La'asar daga wani masallacin bakin hanya, ta sauke gilashi ta saurara har ya ƙare.

Biyar ta wuce suka shiga Tunga. A bakin layi maza sun dawo daga maƙabarta, jar ƙasa har idon sawu, sun yi layi suna wanke ƙafa a famfon Malam Maiwada. Da suka ga Barira ta fito daga mota da kanta sai aka hau mamaki.

"Inna, da ƙafarki? Ikon Allah."

Ta wuce su, ta ratsa matan da suka cika tsakar gida, ba ta amsa gaisuwar kowa ba, ta shiga ɗakin Nana. An yaye zanen gado. Daɓen yana da danshi, ƙamshin kafur bai gama fita ba. Tana tsaye a nan Rukayat ta shigo ta mayar da ƙofa.

"Wa ya yi?" in ji Barira.

"Ni, Inna."

"Wa ya zuba miki ruwa?"

"Ba kowa. Na fitar da su duka, na ce wasiyya ce. Ni na zuba, ni na juya ta."

Barira ta ɗauko ƙaryarta.

"Abin da kika gani a bayanta, tun tana yarinya ne. Murhu ta faɗa, can gidansu..."

"Inna, bari." Rukayat ta zauna a bakin gadon da ba zane. "Ina ƙarƙashin teburin ɗinki ranar. Shekarata shida, ina tsintar ƙyallaye ina yi wa 'yar tsanata riga. Na ga ƙafafunsa, na ji ƙarar, na ji ƙaurin. Ba wanda ya san ina wurin."

Barira ta nemi bango ta dafa.

"Mujahid bai sani ba, kuma ba zai ji daga bakina ba. Mama kuwa na bar ta ta ɗauka ban sani ba, tunda na ga abin da take riƙe da shi ke nan. Shekara arba'in, Inna, ban taɓa cuɗa wa uwata baya ba. Watan nan ina tsaye a bakin ƙofar nan ina jin nishinta tana fama da tsumma. In na shiga na karya mata zuciya, in ban shiga ba ga abin da nake ji. Na yi ta zuwa wurinki ko za ki ce min wani abu, in samu bakin magana. Sai ki ce in ƙyale ta." Ta share fuska da bakin mayafi. "Yau dai na cuɗa mata. Ruwan ma daga rijiyarki na ɗebo, bokiti shida. Kin taɓa ganin na sha na bakin layi?"

Ba ta taɓa gani ba. Shekara goma sha ɗaya famfon nan yana zuba, ba ta taɓa lura ba, ita da take ganin babu abin da ke wuce idonta a layin. Baƙin ciki ya taso mata tun daga ciki. Su uku suna gadin abu ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa, har matar ta mutu da dauɗar wata guda a jiki alhali 'yarta tana bakin ƙofa da ruwan ɗumi.

"Ta neme ni?" ta ce.

Rukayat ta nuna gefen gado da haɓa. Wata 'yar katifa ce shimfiɗe a ƙasa, da filo, da zane a ninke a kai. Ba a kwanta a kanta ba.

"Tun jiya da safe da ta ji tashin motarku ta sa na shimfiɗa. Ta ce ta san halinki, kina iya zuwa Paiko ki yi faɗa da Abdulsalami ki ce a juyo. Duk motar da ta tsaya a layi sai ta ce in leƙa."

Barira ba ta yi kuka ba tukuna. Idonta ya sauka kan wata roba a bayan ƙofa, shimin Nana a ciki, wadda aka yanke daga jikinta da almakashi, ta yi baƙi a wuya da hammata. Ta taka ta je ta sunkuya har ƙasa ta ɗauko. Ko ɗis ba ta ji ciwo ba. Aikin likita ya yi kyau, ba abin da za a ce. A nan ne kukan ya ƙwace mata, a sunkuye, da shimin a hannu, irin kukan da ta sha hana matan mutane yi a kan gawa.

Da ya lafa ta miƙe, ta fita ta ratsa matan, ta tsallaka layi zuwa gidanta. Bakin rijiya a jiƙe yake, ga sawun bokitin Rukayat a ƙasa. Ta zura guga. Abdulsalami ya taho da sauri zai karɓi igiyar, yana tuna mata maganar likita.

"Sakar min," ta ce, ya sakar mata.

Ta ja ruwan da kanta, ta juye a roba, ta kwance ƙullin sabulun salo da ke rataye tun Talatar da bayanta ya karye. Ta durƙusa ta shimfiɗa shimin a kan dutsen wanki, ta gyara mata kafaɗu, ta yi bisimilla. Ta fara da ɓangaren dama, sannan hagu, har sau uku, yadda ake yi.